LUGGA MABUƊIN JARRABAWA: DARASI GA ƊALIBAN BAKALORIYA DA IYAYENSU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali da magana da alƙalami. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi 'ya'yanmu da ke ajin ƙarshe na lise, waɗanda za su zauna jarrabawar Bakaloriya a farkon damina. Wannan jarrabawa ita ce ƙofar shiga jami'a a ƙasarmu Nijar. Da ita ake shiga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da jami'ar Tawa wadda aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, da kuma Jami'ar Musulunci ta Say wadda ta buɗe a 1986. Ko gasar shiga manyan makarantun koyon aiki, da yawansu sai mai Bak ake bari ya zauna.

Kowa a Buza ya san abin da ake ɗora wa wannan jarrabawa. Akwai uban da ya sayar da akuya ko buhun albasa domin kuɗin rajista da na littattafai. Akwai uwar da ta haƙura da taimakon 'yarta a gida shekara goma sha uku. Akwai yaron da ya baro Karofan ko Tama ko Tabotaki yana zaune gidan wani a gari, yana cin abin da ya samu. Idan sakamako ya fito babu sunansa, sau da yawa ba ya sake komawa aji, sai dai a ji ya bi 'yan bida zuwa Abijan ko Libiya. Saboda haka maganar ba ƙarama ba ce, ta kuwa cancanci a yi ta a masallaci.

INDA CIWON YAKE

Malaman da ke gyaran takardun ɗalibai sun sha faɗa mana cewa yaro da yawa ba rashin karatu ke kayar da shi ba, rashin fahimtar kalmomin tambaya ne. Za a ce masa ya kwatanta abu biyu, sai ya cika shafi uku yana ba da labarin kowanne shi kaɗai, bai taɓa nuna inda suka yi kama da inda suka saɓa ba. Ya haddace darasin sarai, amma ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Dalili kuwa a fili yake: yaronmu da Hausa yake tunani, ko da Tamajak ko Fulatanci, amma da Faransanci ake tambayarsa, ko da Larabci idan ɗan makarantar faranko-arab ne. Gaskiya ne dokar da aka kafa a watan Maris na 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, amma takardar tambaya da harshen da aka karantar da yaro take zuwa. Wanda ba shi da kalmomi a wannan harshe kamar manomi ne da ya isa gona da ƙarfinsa amma babu hauya.

Abin da muke so mu tabbatar a wannan darasi shi ne, maganin wannan ciwo yana cikin zaurukanmu tun da daɗewa. Hanyar da malamanmu suka bi suka mallaki luggar Larabci, alhali ba harshen iyayensu ba ne, ita ce dai hanyar da ɗalibin Bak zai bi.

MATSAYIN SANIN KALMOMI A MUSULUNCI

A cikin Suratul Baƙara, aya ta 31, Allah Ya ba mu labarin yadda Ya sanar da Annabi Adamu (AS) sunayen abubuwa, kuma da wannan sani ne Ya bayyana fifikonsa a gaban mala'iku. Ashe ke nan ilmin farko da aka bai wa ɗan Adam shi ne sanin sunan kowane abu.

Buhari ya ruwaito cewa lokacin da ayar azumi ta sauka, wadda ta ambaci farin zare da baƙin zare, Sahabi Adiyyu ɗan Hatim (RA) ya ɗauki igiya biyu, fara da baƙa, ya sa ƙarƙashin matashinsa, yana dubawa cikin dare ko zai iya bambanta su. Da gari ya waye ya faɗa wa Manzon Allah (SAW), sai ya bayyana masa cewa hasken asuba da duhun dare ake nufi. Adiyyu Balarabe ne, ɗan gidan fasaha, ya san ma'anar zare, amma ma'anar da kalmar ta ɗauka a wannan wuri ta kuɓuce masa. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas (RA), duk da zurfin saninsa na tafsiri, bai tantance ma'anar kalmar "Faɗir" ba sai da Larabawan ƙauye biyu suka zo masa suna jayayya a kan rijiya, ɗayansu ya yi amfani da kalmar yana nufin shi ne ya fara haƙa ta. Idan Ibnu Abbas bai ji kunyar koyon kalma daga bakin baƙauye ba, ɗalibinmu ba shi da dalilin jin kunyar tambaya.

Game da koyon harshen da ba na Musulmi ba kuwa, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci Zaidu ɗan Sabit (RA) ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya shi cikin kimanin rabin wata, ya riƙa karanta wa Annabi wasiƙunsu yana rubuta musu amsa. Don haka wanda ya koyi Faransanci ko Ingilishi da niyyar ya zama likita ko malami ko alƙali mai amfanar al'umma, yana da magabaci nagari, kuma muna fatan yana da lada.

YADDA MAGABATANMU SUKA YI

Wannan yanki namu ba baƙon ilmi ba ne. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a ƙasar Madawa kabarinsa yake. Waɗannan bayin Allah ba su tashi a Makka ko Misra ba, amma sun yi rubutu da Larabcin da Larabawa ke karantawa har yau. Ta yaya suka kai ga haka?

Sun bi hanya uku. Ta farko, sun koyi kalma a cikin nassi. Almajiri yakan karanta Ishiriniya ta Alfazazi, wanda ya rasu a 627 bayan Hijira, da waƙoƙin Jahiliyya, da Maƙamomi hamsin na Hariri, wanda ya rasu a 516, malam yana fassara masa kalma bayan kalma, yana maimaitawa. Ta biyu, sun koyi sarfu, watau sanin tushen kalma da yadda ake juya ta. Shehu Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, har littafi ya wallafa a wannan fanni mai suna Hisnur Rasin. Ta uku, sun riƙe tilawa: ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma ba a barin na baya don an sami sabo. Waɗannan uku su ne ginshiƙan abin da za mu shawarci ɗalibai da shi.

MATAKI NA FARKO: KALMOMIN UMURNI

Kafin komai, ɗalibi ya ware shafi biyu na kayensa ya rubuta kalmomin da ake yin tambaya da su, domin su ne mabuɗin kowace takarda. Ga kaɗan daga cikinsu.

Idan an ce définir, ko arrif da Larabci, ana son ma'anar abu a taƙaice, ba tarihinsa ba. Idan an ce citer, ko uzkur, a lissafo kawai, ba a bukatar sharhi. Expliquer, ko ishrah, a warware yadda abin yake da abin da ya jawo shi. Comparer, ko ƙarin, a jera abu biyu a nuna kamanninsu da bambancinsu. Justifier, ko allil, a kawo hujja. Démontrer a lissafi, a bi mataki bayan mataki har a kai ga sakamako, ba a tsallake ko ɗaya ba. Déduire, a fitar da amsa daga abin da aka riga aka samu a tambayar da ta gabata. Discuter, ko naƙish, a kawo hujjar masu goyon baya da ta masu suka, sa'an nan a yanke. Résumer, ko lahhis, a taƙaita maganar marubuci ba tare da an sa ra'ayin kai ba.

Bayan waɗannan sai ƙananan kalmomin da ke ɗaure magana, irin su cependant da en revanche masu nuna saɓani, da donc da par conséquent masu nuna sakamako, da en effet mai kawo dalili. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu ya san yadda "illa" ko "innama" guda ɗaya ke juya hukunci gaba ɗaya. Haka waɗannan suke a cikin nassin falsafa ko na adabi.

MATAKI NA BIYU: A KAMA TUSHE

Kalmomi dangi ne, wanda ya san uba ba zai ɓata a gidan 'ya'ya ba. A Hausa muna da karanta, karatu, makaranci, makaranta, duk daga tushe guda. A Larabci, haruffa uku na ha da kaf da mim sun haifi kalmomin da mu ma muka ara: hukunci, hukuma, hikima, hakimi. Faransanci ma haka yake. Daga terre, watau ƙasa, aka sami terrain da territoire da souterrain da enterrer da atterrir. Wanda ya san cewa hydro ruwa ne, thermo zafi, bio rai, géo ƙasa, logie kuma nazari, zai gane kalmomi masu yawa na kimiyya tun kafin ya buɗe ƙamus. Haka nan ɗafa-goshi irin su in da dé da re, da ɗafa-ƙeya irin su tion da ment da able, kowanne yana da aikinsa sananne.

Ɗaliban faranko-arab, waɗanda tsarinsu ya faro da madarasar Say a 1957, su lura cewa manyan ƙamusoshin Larabci bisa tushe aka tsara su. Mu'ujamul Wasiɗ da Misbahul Munir da harafin farko na tushe ake neman kalma a cikinsu, amma Lisanul Arab da Ƙamusul Muhiɗ a tsarinsu na asali da harafin ƙarshe ake farawa. Wannan na ƙarshe, na Firuzabadi wanda ya rasu a 817 bayan Hijira, shi ne ya yi suna har kalmar ƙamus, wadda asalinta teku take nufi, ta zama sunan kowane littafin kalmomi. Na Faransanci, irin su Larousse da Robert, bisa jerin haruffa suke. Akwai kuma ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdu Mijingini, mai amfani ga wanda ya san abu da Hausa yana neman sunansa da Faransanci.

MATAKI NA UKU: KALMA A MAZAUNINTA

Kada ɗalibi ya haddace kalma tsirara. Ya rubuta ta tare da jumlar da ya tsince ta a ciki, sa'an nan ya ƙirƙiro tasa jumlar. Dalili shi ne kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana daban-daban. Malaman fiƙihu sun san kalmar "ƙur'u" a babin idda, wadda Malikiyya suka fassara da tsarki, Hanafiyya kuma da haila, saboda a lugga tana ɗaukar duka biyu. Haka racine take: a darasin tsirrai saiwa ce, a lissafi wani abu ne dabam, a nahawu kuma tushen kalma. Solution a lissafi amsa ce, a ilmin haɗa sinadarai kuwa ruwan da aka narkar da wani abu a ciki ne. Puissance tana da ma'ana a lissafi, da wata a kimiyyar ƙarfi da motsi, da wata a tarihi inda take nufin babbar daula. Darasin Adiyyu ɗan Hatim ke nan.

Mazaunin kalma kuwa sai da karatu ake samunsa. Ɗalibi ya lazimci karanta shafi biyu ko uku kullum daga littattafan da ke cikin manhajarsa ko daga jarida, ya kuma saurari labarun rediyo da harshen da zai yi jarrabawa da shi, da bik a hannu.

MATAKI NA HUƊU: TILAWA

Wani masani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya wallafa bincikensa a 1885, inda ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi maimaitawa a zama ɗaya. Alarammominmu sun daɗe da sanin haka a aikace, shi ya sa gardi ke bitar na baya kowane dare.

Ga tsarin da muke ba da shawara. Kalma biyar a yini, adadin salloli. A yanka takarda ƙanana, a rubuta kalma a fuska ɗaya, ma'anarta da jumlarta a ɗaya fuskar. A sami gwangwani uku. Sabuwar kalma tana shiga na farko, wanda ake dubawa kullum bayan sallar Asuba da kuma bayan Isha'i. Wadda aka tuna daidai ta wuce na biyu, da ake dubawa bayan kwana uku. Idan an sake tuna ta, ta wuce na uku, da ake dubawa ranar Juma'a. Duk wadda aka manta, ko daga ina take, ta koma na farko. Sharaɗi shi ne a faɗi ma'anar da ka kafin a juya takarda, kamar yadda almajiri ke kife allo ya biya, domin kallon rubutu ba hadda ba ne.

Mu yi lissafi. Kalma 5 a kwana 6 sun zama 30 a mako. A mako 36 sun zama 1,080. Wanda ya bari sai saura mako biyu ba zai iya ko rubu'in wannan ba, kuma abin da ya cusa da gaggawa da gaggawa zai zube. Ba a fafe gora ranar tafiya. Layukan dogon yaro da suka tare iska a kwarin Majiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975, ɗaya bayan ɗaya aka sa su a ƙasa, ana ba su ruwa ana kare su daga dabbobi.

MATAKI NA BIYAR: GWAJI KAFIN RANAR GWAJI

Sanin kalmomi kaɗai bai isa ba sai an saba da zaman jarrabawar kansa. Ɗalibi ya nemi takardun tambayoyin shekarun baya daga malamansa ko daga waɗanda suka riga shi. Sau ɗaya a mako ya zauna shi kaɗai, ya rufe kaye, ya kashe salula, ya aje agogo, ya amsa takarda guda cikin daidai lokacin da ake bayarwa a zauren jarrabawa. Ya karanta tambaya sau uku, ya ja layi ƙarƙashin kalmar umurni, ya tsara amsarsa a takardar gwaji kafin ya kwafe, ya kuma bar minti goma na ƙarshe domin duba kurakurai. Bayan haka ya kai wa malami ko abokin karatu ya gyara, kuma duk kalmar da ta tsayar da shi ta shiga gwangwani na farko.

Ya san nauyin kowane darasi a sashensa, ko A ne ko C ko D, domin ba a auna darussa da mudu ɗaya, kuma matsakaicin maki 10 bisa 20 ake nema. Ya ba darasi mai nauyi lokaci mai yawa, amma kada ya yar da ƙarami, domin maki ɗaya kan raba mai dariya da mai kuka. Ƙungiyar karatu ta mutum uku ko huɗu tana da amfani idan kowa zai bayyana wa 'yan'uwansa darasi da bakinsa. Idan ta wuce haka takan koma majalisar shayi.

GARGAƊI

Muna jan kunnen ɗalibai da iyaye game da satar amsa, da sayen tambayoyin da ake cewa sun fita, da ba mai tsaro ko mai gyara wani abu. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, sai ya yi masa faɗa, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. Takardar shaidar da aka samu da algus shaidar zur ce, albashin da za a ci da ita shekara talatin abin tsoro ne, kuma wanda ya zama ma'aikacin lafiya ko malami ta wannan hanya, mu ne za mu kwanta a gabansa, 'ya'yanmu ne za su zauna a ajinsa. Addu'a kuwa wajibi ce, amma tare da aiki, kamar yadda Annabi (SAW) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara ga Allah.

HAƘƘIN IYAYE DA JAMA'AR MASALLACI

Uban da bai yi boko ba kada ya ce ba shi da abin yi. Zai iya tanadar fitila mai aiki da hasken rana, ya tashi yaro da asuba, ya tambaye shi kalmominsa biyar na yau ya fassara masa da Hausa. Wanda ya iya mayar da kalma Hausa, ya fahimce ta. Jarrabawa takan zo daidai da shuka da noman farko, to a yi haƙuri a ɗauke wa ɗalibi aikin gona na waɗannan makonni. 'Yan mata kuma a rage musu daka da ɗiban ruwa. Muna kukan rashin likitoci mata da ungozomomi a asibitocinmu, alhali daga cikin waɗannan yara za su fito.

Kwamitocin masallatai su duba ko za a bar fitilar haraba a kunne bayan Isha'i domin masu bita, a sayi ƙamus ɗaya ko biyu a aje hannun ladan a matsayin waƙafi, a kuma roƙi malaman makaranta da ɗaliban jami'a da ke cikin sahu su ba da awa ɗaya a mako saboda Allah. Masu hali su nemi marayu da 'ya'yan talakawa su biya musu kuɗin rajista, ba tare da an tallata ba.

AIKIN WANNAN MAKO

1. Kowane ɗalibi ya rubuta kalmomin umurni goma da ma'anarsu da Hausa.
2. Ya zaɓi tushe ɗaya na Faransanci ko na Larabci, ya nemo 'ya'yansa biyar.
3. Ya tanadi gwangwaninsa uku, ya fara tun daga Asubar gobe.
4. Ya amsa takardar shekarun baya guda ɗaya da agogo kafin Juma'a mai zuwa.

Muna roƙon Allah Ya buɗe ƙirazan 'ya'yanmu, Ya ba su ilmi mai amfani da nasara ta halal, Ya saka wa iyaye da malamai da alheri. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.